Basiru Ya Sheƙe Lambar Rijiya

A shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da tuwo sau biyu a rana ya koma sai gidan wane da wane, rijiyar Unguwar Ɗorawa ma ta bi sahu ta ƙafe ƙaf. Ba shi ne ainihin sunan garin ba, amma a bar shi a haka, don masu labarin suna nan da ransu kuma wasunsu ba sa ɗaukar wasa. Garin dai yana can gefen Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taka, a ta maƙwabcinka za ka faɗi.

Kullum mata da 'yammata sai fadama, tafiyar awa guda, a dawo da jarka a ka, wuya kamar zai karye, ruwan kuma jawur kamar kunun kanwa.

To a garin akwai wani Basiru, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Wata uku ya yi a unguwar Rijiyar Zaki can birni yana shara da tayar da janareta a wani shagon buga takardu. Daga bakin shagon ana hango katangar jami'a, shi ya sa duk zancen da aka ɗauko sai ya gyara hula ya ce, "Ai lokacin da muke jami'a..." Da ya dawo gida ya kafa rumfar cajin waya da farantin sola guda ɗaya, jikin rumfar Ɗanliti mai faci, sa'ansa, wanda ba shi da aikin da ya fi so kamar tsokanarsa.

Mutum ɗaya Basiru ke tsoro a duniya, surukarsa Inna Barira, uwar matarsa Furera. Gidanta na Gidan Kanya, gonaki bakwai yamma da su. Saboda kunyar suruki ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗa masa, sai ta faɗa wa duk wanda ke kusa, yana tsugune yana ji. In babu mutum, akuya ma ta wadatar.

Ana cikin wannan hali sai wata ƙungiya ta ce za ta haƙa wa Unguwar Ɗorawa rijiyar burtsatse. Guda ɗaya tak, kuma sau ɗaya injin zai haƙa, don man da yake sha ba na wasa ba ne. Aka turo wata injiniya ta gaske, Malama Asiya, da na'urorinta. Ta wuni tana zagaye gari, daga ƙarshe ta tsaya gindin tsamiyar bayan masallaci ta sa aka kafa turke. Ta rubuta lambobi biyu a takarda ta miƙa wa Mai Unguwa Nababa.

"Baba, wannan ita ce lambar wurin nan a taswira. Ƙa'ida ce ku mutanen gari ku tura ta ofis ta waya, da sunanka, alamar kun yarda. Masu haƙa ba su san garin nan ba, lambar kawai za su bi. A tura ta yadda take, kar a taɓa komai."

Mai Unguwa ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Kafin ya buɗe baki Basiru ya ratso taro.

"Ranka ya daɗe, kawo. Wannan ai aikinmu ne." Ya dubi Malama Asiya ya ɗaga mata gira. "Abokiyar aiki, je ki abinki, kin bar shi a hannun 'yan gida."

Ɗanliti ya ce, "Hajiya, wayata ya karɓa zai yi mata caji ranar Talata, ya dawo min da ita tana yaren Sin."

Aka yi dariya, amma duk garin babu mai babbar waya sai Basiru, don haka takarda ta shiga aljihunsa.

Wuri ɗaya ake samun sabis a Unguwar Ɗorawa, kan wani suri a bakin gonar Liman. Da aka idar da la'asar Basiru ya hau surin da babbar riga, rabin gari na ƙasa sun ɗaga kai. Ya buɗe fom ɗin, ya danna lamba ta farko yana karantawa da ƙarfi don kowa ya ji.

"Sha biyu, ɗigo, uku, huɗu, ɗaya, bakwai, uku, takwas!"

Ya danna ta biyu, ya tura. Wayar ta yi juyi, ta yi juyi, sai ga amsa daga ofis, wai ga abin da ya iso, ya duba ya tabbatar. Basiru ya duba. Ya sake dubawa. Shi 12.341738 ya tura, amma abin da ya dawo 12.3417377472 ne. Takwas ɗin ƙarshe ta ɓace, ga wata doguwar wutsiya ta tsiro a wurinta.

Da ya ga idanun mutane a kansa sai ya yi murmushi.

"Lafiya, Injiniya?" in ji Mai Unguwa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Lambar ce ta kwaso datti a hanya. Ka san daga nan zuwa birni da nisa, ta bi iska, ta bi ƙura, ta ratsa ta kan kasuwa. Dole ta kwaso ƙaiƙayi."

"To yaya za a yi?"

"Sheƙe ta zan yi."

Furera tana gefe, dawowarta kenan daga fadama, ko jarkar ba ta sauke ba. Ta ce a hankali, "Baban Khalilu, ba cewa aka yi kar a taɓa ba?"

"Ke, da ni da ke wa ya yi jami'a?"

"Ni dai na ji matar ta ce..."

"Matar aikin ƙasa ta sani. Aikin iska kuma namu ne. Wuce ki ɗora tukunya."

Ya datse lamba ɗaya daga ƙarshen ta asali, ya sake turawa. Ta dawo da sabuwar wutsiya, ta fi ta ɗazu muni. Ya ƙara datse ɗaya. Ta dawo da tara da tara a jere kamar an shanya barkono.

Ɗanliti ya ce, "Kai wannan lamba taka ƙadangaruwa ce? Kana yanke mata wutsiya tana fito da wata."

"Kai dai tsaya kan tayarka, Ɗanliti. Wannan ba faci ba ne."

Zufa ta jiƙa wuyan babbar riga, tururuwa sun fara hawa ƙafarsa, bai ma sani ba. Ya cije leɓe ya yi mata yankan ƙauna, ya bar 12.34 kawai. Ta biyun ma ya aske ta haka, ya bar mata biyu bayan ɗigo. Ya tura. Da amsa ta dawo sai ya daka tsalle har ya kusa zamowa daga kan surin.

"Allahu akbar! Ku zo ku gani! Sha biyu, ɗigo, uku, huɗu, sai sifili, sifili, sifili, sifili! Mene ne sifili? Babu kenan. Datti ya fita tas!"

Akwai wasu 'yan lambobi can ƙarshe bayan sifilan, amma ya ɗora babban yatsa a kansu. Ya danna ya tabbatar da sunan Mai Unguwa. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka. Liman ya ce ilimi dai ba ƙarya ba ne. Furera ta juya da jarkarta ta nufi gida.

Sati biyu Basiru bai bar kowa ya huta ba. A shagon mai shayi ya ce da ba don shi ba da lambar ta isa ofis da tsakuwa a ciki, injin ya karye. A wurin suna ya ce ofis sun yi mamakin tsabtar lambar, suna neman ya riƙa sheƙe musu na sauran garuruwa. Har Gidan Kanya ya taka ya gaida surukarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Inna, in an gama rijiyarmu, ku riƙa aiko yara. Zan sa a riƙa ba ku layi da wuri."

Inna Barira ta dubi jar akuyarta ta ce, "Jatau, kin ji mijin Furera zai ba mu ruwa. Wanda katangar gidansa ta faɗi tun bara bai iya tayarwa ba."

Ranar da aka ce injin zai zo, tun da hantsi Basiru ya sa aka share gindin tsamiya. Aka aro bencina daga makarantar allo, aka ɗaura wa turken jan ƙyalle, ya ɗauko mai kalangu daga Tsanyawa ya koya masa kirari: Injiniya mai sheƙe lamba. Mata suka jera jarkoki tun daga tsamiya har bakin masallaci, kowace ta sa dutse a kan tata.

Can sai ga ƙara, sai ga ƙatuwar mota shuɗiya da bututai a bayanta. Kalangu ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Basiru ya fito tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa.

Motar ta yi masa hon, ta kauce, ta wuce.

Kalangu ya yi shiru.

"Kwana za su yi," in ji Basiru. "Babbar mota ba ta tsayawa da gaba. Sai ta je ta juyo."

Aka tsaya ana kallon motar tana ƙanƙancewa a hanyar yamma. Ta wuce gonar Liman, ta wuce ta Sama'ilu, ta shige bayan dogayen bishiyoyin Gidan Kanya.

Ɗanliti ya ce, "Wannan kwana, a can dam ɗin Watari za su yi shi?"

"Mai suka je sha."

"A Gidan Kanya? Man gyaɗa?"

Aka zauna jira. Rana ta take. Mai kalangu ya ci ƙosan da aka ajiye wa baƙi. Sai can aka fara jiyo wata ƙara daban daga yamma, dududu, dududu, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin benci. Mai Unguwa ya miƙe a hankali ya dubi Basiru.

"Injiniya, wannan kuma ƙarar mece ce?"

"Gwaji ne, ranka ya daɗe. Sai sun ɗumama injin a wani wuri kafin..."

Bai ƙarasa ba, gari ya watse ya nufi yamma. Maza da gudu, mata da jarkoki, Mai Unguwa a bayan keken Ɗanliti yana riƙe da rawani. Basiru ya tattare babbar riga ya bi ta cikin gonaki don ya riga kowa, ƙaya ta kama masa takalmi ɗaya, bai tsaya ɗauka ba.

A bayan gidan Inna Barira ya tarar da motar, a tsakiyar garken awakinta. An cire dangar kara, an ɗaure awaki jikin kanya, bututu uku sun riga sun shige ƙasa. Ita kuwa tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana dama wa ma'aikata fura da hannunta.

Basiru ya tari shugaban ma'aikatan, wani dogo mai suna Uwaisu, yana haki.

"Malam, tsaya! Kashe! Ba nan ba ne!"

Uwaisu ya zaro waya ya nuna masa. "Ga lamba, ga inda ta kawo mu. Dattijuwar nan muka tarar, muka ce an ce a haƙa rijiya a nan, ta ce bismillah."

"Akwai turke a garinmu! Da jan ƙyalle!"

"Ni ba a ba ni ƙyalle ba, lamba aka ba ni. Wa ya turo ta?"

Lokacin mutanen Unguwar Ɗorawa sun iso sun cika garken. Kowa ya juyo ya kalli Basiru.

Inna Barira ta ɗaga ludayi ta dubi Furera. "Ke Furera, faɗa wa mijinki Allah ya yi masa albarka. Shekara shida ina cewa ba shi da amfani, ashe shiri yake yi min a ɓoye."

Mutanen Gidan Kanya suka amsa da amin mai ƙarfi.

"Kuskuren ofis ne!" in ji Basiru. "Yanzun nan zan kira abokiyar aikina a gaban kowa, ku ji da kunnenku."

Ya ɗaga waya sama, babu sabis. Ya hau turmi, babu. Ya hau katanga, sanda ɗaya ta leƙo ta koma. Sai idonsa ya faɗa kan rumbun Inna Barira.

"Jatau," in ji tsohuwar, "gaya wa mijin Furera jinkar rumbun nan ta girmi matarsa."

Ina, ya riga ya kama tsani. Ya hau can ƙololuwa ya tsaya da takalmi ɗaya, iska na kaɗa babbar riga. Sabis ya kawo sanda uku. Ya kira Malama Asiya, ya buɗe lasifika don duk duniya ta shaida.

"Salamu alaikum, abokiyar aiki! Injiniya Basiru ne daga..."

Jinka ta ce ɓurum. Basiru ya ɓace.

Da a shekarar arziki ne, da kan dawa zai faɗa. To bana rumbun babu komai sai dami biyu a can ƙasa, don haka sai da aka ji saukarsa, tim, ƙura ta tashi ta saman. Uwaisu ya sa aka rage ƙarar injin. Sai ga muryar mace ta fito daga cikin rumbu, tangaran, kamar a rediyo.

"Hello? Malam Basiru? Ina jin ka. Dama ina neman ka. Wace irin lamba ka tura ofis?"

Daga ciki aka ji murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya... datti ta kwaso a hanya... na ɗan sheƙe ta."

"Ka yi me?"

Ɗanliti ya manna baki jikin rumbun ya ce, "Sheƙe ta ya yi, Hajiya! Kamar gero! Mu ne shaidu!"

Aka ji Malama Asiya ta ja dogon numfashi. "Inna lillahi. Malam, wannan wutsiyar da ka gani ba datti ba ce. Na'urar ofis ce ba ta iya riƙe lamba cif-cif, sai ta ajiye mafi kusa da ita. Duk lambar da aka tura haka take dawowa. Abin da ya canza a ƙasa bai kai tsawon ɗan yatsanka ba. Da ka bar ta, da injin na gindin tsamiya yanzu. Kai kuwa abin da ka yanke, kowace lamba a ciki tafiya ce. Ta uku bayan ɗigo kaɗai ta fi gona guda."

Mai Unguwa ya matso jikin rumbun. "'Yata, Nababa ne. A cire bututun a mayar garinmu mana."

"Baba, ba zai yiwu ba. Man haƙa ɗaya aka ba su, sun riga sun ƙona rabi. Kuma in faɗa muku gaskiya, ni ban auna wurin nan ba. Ban san ko da ruwa a ƙasansa ba. In babu, shi kenan, ku da su duk kun rasa, don a takarda an riga an rubuta an yi muku."

Nan fa dariya ta ɗauke. Matan da suka biyo da jarkoki suka sauke su a ƙasa. Furera ta zauna kan tata ta rufe fuska da mayafi. Inna Barira ma ta ajiye ludayi.

Injin ya ci gaba. Bututu na biyar, ƙura. Na bakwai, ƙura fara fat. Babu wanda ya tuna da fito da Basiru, shi ma bai nemi a fito da shi ba. Sai dai in injin ya ɗan lafa, a jiyo shi a cikin rumbu yana jan duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Ana gab da kiran la'asar ƙurar ta fara yin duhu. Sai taɓo. Sai Uwaisu ya ce a ja da baya, kafin a matsa ruwa ya yi tsiri sama ya fi kanyar tsawo, ya sauko kan kowa, kan awaki, kan rawanin Mai Unguwa. Guɗa ta kaure, yara suka shiga rawa a cikin taɓo, tsofaffi na kabbara.

Ana cikin haka sai ga kan Basiru ya leƙo ta ramin jinka, yanar gizo a gemu, ƙaiƙayi a gira.

"Kun gani?" in ji shi. "Dama lissafina ya nuna min ruwan nan ya fi na tsamiya..."

Takalmi ne ya fara samun sa, nasa ne ma, wanda ya bari a gona, wata ta tsinto. Kan ya koma ciki da sauri.

Washegari aka yi zama a ƙofar Mai Unguwa, ba a daɗe ba aka yanke. Rijiya dai ta zama ta gari biyu, Inna Barira ta ce kowa ya zo ya ɗiba, amma ta cikin gidanta hanyar take, kuma ba a wuce ta ba gaisuwa. Tsofaffi da masu jego na Unguwar Ɗorawa kuwa, waɗanda aka yi wa alkawarin ruwa a bayan masallaci, a bayan masallaci za su same shi. Ɗanliti ya haɗa kurar ruwa da tsofaffin tayoyi kyauta, har ya rubuta mata Injiniya a gaba da jan fenti. Basiru ne zai riƙa tura ta, kullum sawu huɗu, gonaki bakwai zuwa, bakwai dawowa.

Ranar farko Basiru ya turo kurar ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaida surukarsa. Ita ke riƙe da tiyo. Ta cika jarka ta farko, da ruwa ya kawo kafaɗa sai ta janye ta koma ta biyu. Ita ma iya kafaɗa. Haka har goma.

Basiru ya yi ta maza ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, ai ba su cika ba. In na kai haka sai an sa ni ƙarin sawu."

Inna Barira ta juya ta dubi akuyarta.

"Jatau, faɗa wa mijin Furera ɗan abin da ya rage a saman nan wutsiya ce. Na sheƙe masa."